Ciwon Da Ba Shi Da Magani: Mene Ne Amfanin Sanin Sunansa?

Duk wanda ya daɗe a unguwar nan ta Sabo ya san akwai maganganun da ba a yin su a fili, sai a zaure bayan sallar isha'i, ko a bencin mai shayi idan mutane sun ragu. Ɗaya daga cikinsu ita ce maganar dattijon da jikinsa ya fara sauyawa. Bara shi ke riga kowa zuwa sahun farko, bana kuwa sai an riƙo shi. A wannan fitowa muna so mu kawo maganar fili, saboda abin da ya faru a wani gida da yawancinmu muka sani, wanda ba za mu ambaci sunansa ba don kare mutuncin iyalin.

Dattijon ɗan kasuwar goro ne, ya sauka Badun tun yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya aurar da 'ya'yansa. Abin ya fara ne da faɗuwa. Wata rana yana ɗagowa daga ruku'u sai kawai ya tafi ta baya kamar an ture shi. Aka ce jiri ne, aka ce hawan jini. Bayan 'yan makonni ya sake faɗuwa a ƙofar gida, nan ma ta baya. Sai aka lura idan an fito daga masallaci yakan tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa, ga takalmin a gabansa amma idonsa ba ya sauka ya gan shi. Wajen cin tuwo miya na zuba masa a riga. Fuskarsa ta daskare, idanu a buɗe ƙur, ka gaishe shi ya daɗe kafin ya amsa, in ya amsa ma maganar a cushe.

To, mun san halinmu. Wasu suka ce girman kai ne ya same shi da tsufa. Wasu, Allah ya yafe mana, suka fara raɗa wai ko Alhaji ya fara shan wani abu ne. A cikin gida kuwa zargi ya tafi inda ya saba tafiya, wato kan amarya, wadda ba ta fi shekara uku da tarewa ba. Aka ce tunda ta shigo gidan maigida bai sake ganin daidai ba. Aka yi ta yawon neman magani, turare, wanka, saiwoyi, kuɗi na ta fita, jiki na ta ƙara lalacewa.

Da aka je asibiti, likitan farko ya ce cutar Parkinson ce, ya ba da maganinta. Aka sha wata da watanni, ba wani sauyi na a-zo-a-gani. Daga nan aka tura su wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Shi kuma ya sa Alhaji ya bi yatsansa da ido, dama da hagu idon na tafiya, sama da ƙasa sai ya maƙale. Ya ce yana zargin wani ciwo ne dangin Parkinson wanda ya fi shi tsanani, yana so a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Kuma bai ɓoye musu ba, ya ce idan zarginsa ya tabbata, babu maganin da ke warkar da ciwon.

Nan gida ya rabu biyu. Babban ɗan, wanda ɗawainiyar gidan ke wuyansa, ya ce shi bai ga dalilin kashe wannan kuɗi mai tsoka ba. Ƙanwarsa ta ce: "Yaya, ai gara mu san abin da muke jinya." Ya ce da ita: "Ke, in mun sani sai me? Likita da bakinsa ya ce ba magani. Kuɗin hoton nan ya ishe mu sayen abincin Baba da kuɗin makarantar yara. Mu bar wa Allah."

Wannan tambaya tasa, "in mun sani sai me?", ita muke so mu tsaya a kanta. Tambaya ce ta mai hankali, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gida a wannan zamani ba zai yi masa dariya ba. Amma kafin mu auna ta, ya kamata mu san abin da ake magana a kai.

Cutar Parkinson ta samo sunanta daga wani likita na birnin Landan, James Parkinson, wanda ya bayyana ta a rubuce a 1817. Yawancinmu mun san ta ta wajen Muhammad Ali, zakaran damben duniya, wanda aka gano tana jikinsa a 1984, duniya ta kalle shi hannunsa na karkarwa yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, bai rasu ba sai 2016. Wato ya yi shekara fiye da 30 da ita. Asalin ciwon shi ne mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke sa motsin jiki ya tafi sumul. Idan ya yi ƙaranci sai a ga nauyin jiki, sanƙarewa da karkarwa. Maganinta babba shi ne lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayar da shi dofamin, kuma mai Parkinson na ainihi yakan ji daɗinsa sosai, har shekaru.

Sai dai akwai wasu cututtuka da ke shigowa da kamannin Parkinson, amma halinsu daban. Sun fi saurin cin jiki, ba sa jin lebodofa sai kaɗan ko na ɗan lokaci, kuma galibi daga farawarsu zuwa ƙarshe ba a cika wuce shekara 10 ba. Akwai wadda ake kira PSP, da likitoci uku, Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana a Toronto ta Kanada a 1964. Alamominta su ne faɗuwa tun da wuri, yawanci ta baya, da kasa juya ido ƙasa ko sama, da cushewar magana, da ƙwarewa wajen haɗiya. Akwai MSA, wadda ke taɓa sassan da ke kula da abubuwan da jiki ke yi da kansa: mutum ya miƙe tsaye jininsa ya sauka har ya suma, fitsari ya ƙi tsayawa ko ya ƙi fita, tafiya ta zama tangaɗi. Akwai wata da ke kama hannu ɗaya ya sanƙare, har mai shi ya ji kamar hannun ba nasa ba ne. Akwai kuma wadda ke haɗuwa da ruɗewa, majinyaci ya riƙa ganin mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki alhali ba kowa, yau yana cikin hayyacinsa gobe ya ɓace. Ku duba fa, wannan ta ƙarshe in ta faru a gidan waninmu, wa zai hana a ce aljanu ne?

Ita kuwa na'urar MRI, da ƙarfin maganaɗisu take aiki, ba ta amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Mutum zai kwanta a shigar da shi cikin wani rami kamar ganga, a yi ta ƙara kamar ana sassaƙa, bayan kamar rabin awa a fito da hotunan ƙwaƙwalwa yanki-yanki. Waɗanda suka share fagen wannan fasaha, Paul Lauterbur da Peter Mansfield, sun sami kyautar Nobel a 2003. A mai Parkinson na ainihi, hoton MRI na yau da kullum yakan fito kusan lafiya lau. A PSP kuwa, wani sashe na kututturen ƙwaƙwalwa yakan motse, idan aka kalle shi ta gefe sai ya yi kama da ɗan tsuntsu mai siririn dogon baki. A MSA wani lokaci akan ga zane kamar gicciye a sashen da ke ƙasa da wancan. Waɗannan alamomi su likita ke nema ya ɗora a kan abin da idonsa da hannunsa suka riga suka gano.

Yanzu mu koma ga tambayar babban ɗa. Amsa ta farko ita ce, kafin a yi hoto ba wanda ya isa ya rantse cewa ciwon ba shi da magani. Akwai abubuwan da ke kwaikwayon waɗannan cututtuka waɗanda ake iya yi wa aiki. Ruwa kan taru a cikin ƙwaƙwalwar tsoho, ya kawo jan ƙafa, sakin fitsari da mantuwa, kuma akwai tiyatar da ake saka siririn bututu ya riƙa janye ruwan, wasu su samu sauƙi sosai. Tsohon da ya buga kai, ko da bugun bai yi ƙarfi ba, jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, bayan makonni ya fara ruɗewa da tangaɗi, kuma wannan ma ana cire shi. Ƙari kan yi haka. Toshewar ƙananan hanyoyin jini saboda hawan jini ko ciwon suga kan yi haka, a nan kuwa abin yi shi ne a tsare jinin da sugan kada ɓarnar ta ƙaru. Kuma mu a Badun ba mu da uzurin nisa. Ga asibitin koyarwa na UCH nan kusa da mu, wanda aka buɗe tun 1957, inda Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962. Wanda ya ƙi yin hoto don wai ba magani, ya yanke hukunci kafin a saurari shaida.

Amsa ta biyu ta shafi kuɗin da kansa. Mukan lissafa kuɗin hoto saboda a dunƙule ake biyansa, amma ba ma lissafa abin da rashin sani ke ci, saboda shi da kaɗan-kaɗan yake tafiya. A gidan da muke magana, abin da aka kashe wajen masu cewa za su karya sammu, da kuɗin mota zuwa garuruwa, da magungunan da ake tallarsu a cikin motar haya, in an tara, Allah kaɗai ya san ninki nawa ya yi. Iyalin da ba su san sunan ciwo ba, kowane mai wayo kasuwarsa ta buɗe a kansu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhu ne ɓarawo ke cin kasuwa.

Amsa ta uku, rashin waraka ba ya nufin rashin abin yi. Idan aka san PSP ce, an san haɗarin yana wajen faɗuwa da wajen haɗiya. Sai a kawar da abin tuntuɓe, a sa wani ya riƙa tsayawa a bayansa in zai miƙe, a ɗaga kwanon abinci kusa da fuskarsa tunda idon ba ya sauka, a riƙa ba shi abinci mai laushi yana zaune daram, saboda abincin da ke kucewa ya shiga huhu yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan ciwo. A gaya masa ya yi sallarsa a zaune, addini ya ba shi wannan sauƙi. Idan MSA ce, za a koya masa miƙewa a hankali, likita kuma ya sake duba maganin hawan jinin da yake sha. Idan mai gane-ganen nan ce, sanin sunanta na iya ceton rai, domin wasu daga cikin magungunan taɓin hankali da ake saurin bai wa mai ruɗewa suna da mummunan haɗari gare shi.

Amsa ta huɗu ita ce ta fi damunmu a matsayinmu na al'umma. Ciwon da ba a san sunansa ba, mutane ne ke raɗa masa suna, kuma sunan da suke raɗawa yakan zama sunan wani mutum. A Ingila akwai wani shahararren ɗan wasan kwaikwayo, Dudley Moore, wanda mutane suka yi ta ɗauka maye yake yi saboda tangaɗi da cushewar magana, sai a 1999 ya sanar cewa PSP ce ke damunsa, ya rasu a 2002. In haka ta faru ga mai suna da dukiya, ina ga dattijon goro a Sabo? Ranar da aka kawo sakamakon hoton Alhaji, domin a ƙarshe an yi shi, likita ya nuna wa 'ya'yan wurin da ya motse, ya ce ya yi daidai da abin da yake zargi. Hoton bai ƙara wa Alhaji ƙarfin ƙafa ba. Amma ya wanke shi daga zargin shaye-shaye, ya wanke baiwar Allah da aka kusa kora daga ɗakinta da sunan maita da asiri. Nawa ne kuɗin mutuncin mace? Nawa ne kuɗin zumuncin 'yan uba da ya kusa tsinkewa? Wanda ke cewa hoton bai yi amfani ba, ya je ya tambaye ta.

Duk da haka, kada mu mayar da na'ura abin bauta. Gani ya kori ji, haka ne, amma hoto ma yana da iyaka. A farkon ciwo yakan fito lafiya alhali ciwon na nan. Alamar tsuntsu ko ta gicciye ba kullum take bayyana ba, kuma bayyanarta kaɗai ba ta isa hukunci ba sai an haɗa da labarin majinyaci da gwajin likita. Akwai wani hoton na daban da ke auna dofamin, shi ma yana nuna an samu raguwa ne kawai, ba ya rarrabe Parkinson da danginta. Cikakken tabbaci, masana sun yarda, sai an duba ƙwaƙwalwar kanta bayan rasuwa. Saboda haka ba daidai ba ne mutum ya ɗauki tsohonsa ya zarce wurin masu hoto da kansa, ya dawo da takarda yana neman mai fassara masa. Likita ne farko. Shi zai duba, ya tambayi magungunan da ake sha, domin wasu magungunan hana amai da jiri da na taɓin hankali kan kawo sanƙarewa da karkarwa irin ta Parkinson, wadda kan lafa idan an daina su, wannan kuwa ba ya buƙatar hoto. Kuma iyali na da damar su tambayi likita kai tsaye: wannan hoton, me zai sauya a jinyar? Idan jiki ya riga ya yi nisa, likita ya gamsu da abin da ya gani, kuma biyan kuɗin zai bar yara da yunwa, to wanda ya haƙura bai yi laifi ba. Abin da muke ƙi shi ne a fake da tawakkali don gudun sani. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa neman magani ba ya warware dogaro ga Allah, kuma ɗaure raƙumi na gaba da sallama shi.

Sauran magana ɗaya, wadda ta fi duka nauyi. Bayan an sani, shi mai ciwon za a gaya masa? Al'adarmu ita ce a ɓoye. Likita ya ja babban ɗa gefe, a dawo a ce wa tsoho: "Baba, sun ce za ka samu sauƙi." Da kyakkyawar niyya muke yi, muna tsoron kada zuciyarsa ta karye. Amma mu tambayi kanmu, jikin wa aka ɗauka a hoton? Mutumin da ya yi shekara 50 yana riƙe amanar fatake, yana karɓar kaya bashi yana bayarwa bashi, da yawa ba a rubuce ba sai a ƙirjinsa, shi ne yau za mu ɗauka kamar yaro? Wannan ciwo yana cin magana. Lokaci zai zo da zai so ya faɗi wanda yake bi da wanda ke bin sa, harshe ya ƙi. Yana da haƙƙin yin wasiyya a cikin sulusin dukiyarsa. Yana da waɗanda zai so ya nemi gafararsu. Kuma akwai tambayar da ke zuciyar kowane baƙo a Kurmi: a nan zan ƙarasa kusa da asibiti da jikokina, ko a mayar da ni gida Arewa tun ina iya zama a mota? Wannan zaɓi nasa ne. Idan muka ɓoye masa har lokaci ya ƙure, mun zaɓa masa ke nan ba da izininsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba muna cewa a faɗa masa gatsau ba. Akwai hanya. A zaɓi wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin da ya yarda da shi, a zauna da shi cikin natsuwa, a fara da tambayarsa yadda shi yake ganin jikin nasa. Sau da yawa za a tarar ya riga kowa sani, shiru kawai yake yi don kada ya tayar wa 'ya'yansa hankali, su ma suna shiru don kada su tayar masa, kowa na ɗauke da kayan shi kaɗai. Idan ya nuna ba ya son jin bayani, a girmama shi, wannan ma haƙƙinsa ne. Idan ya tambaya, kada a yi masa ƙarya. Kuma kada wani ya yanka masa wa'adi, domin lissafin likitoci na jimlar mutane ne, ajali kuwa ilminsa na wurin Allah.

A gidan Alhaji, amininsa na kasuwa ne ya zauna da shi. An ce ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya nemi a kira masa babban ɗansa da takarda da biro. Kwana uku suna rubuta basussuka. Ya kira amaryarsa a gaban 'ya'yansa ya ce su nemi gafararta. Ya ce shi a Sabo zai zauna. Yana nan da ransa, ana fito da shi ƙofar gida da la'asar a kan kujera, duk wanda ya wuce ya tsaya ya gaishe shi, ya kuma yi haƙuri ya jira amsa, domin tana zuwa, jinkiri kawai take yi.

Abin da ya rage namu ne. Muna da ƙungiyoyin 'yan goro, na 'yan canji, na mahauta, na matasa, muna karo-karo don biki da suna. Bai kamata kuɗin hoto ya zama abin da zai raba wa da ƙanwa a unguwar da ke da wannan haɗin kai ba. Idan muka ga dattijo ya fara faɗuwa ba dalili, ko ya daina kallon ƙasa, ko yana suma in ya miƙe, mu kama bakinmu daga raɗa, mu taimaka a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tun da wuri. Matar da ke jinya dare da rana kuma, mu leƙa ta, mu karɓe ta ko na yini ɗaya ne ta samu ta runtsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya sa ciwo ya zama kaffara, ya saka wa masu jinya da alheri, ya tsare harsunanmu daga zargin bayinsa. Amin.